Kafin a Ɗauko Guduma: Ƙofar Tsohuwar Fijo da Ladan Mai Bincike

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Peugeot 504 daga Tashar Illela ko daga Kwannawa ya san umarnin da direba ke ba fasinjan da ke gefen ƙofa: "Ɗaga ta sama kaɗan, sannan ka buga da ƙarfi." Mun saba da wannan magana har mun daina jin abin da take nufi. Ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa tana shaida cewa wani abu ya goce daga mazauninsa, kuma galibi abin da ya gocen yana nesa da makullin da ake ta duka.

Ra'ayina shi ne, kaso mai yawa na ɓarnar da ke samun ƙofofin tsofaffin motocinmu a gareji ake yin ta, kuma mu masu motocin ne ke jawo ta. Mun yarda mu biya kuɗin guduma da walda da fenti, amma muna ƙyashin biyan ladan rabin sa'ar da gwani zai ɗauka yana dubawa kafin ya taɓa komai. Wanda ba a biya shi ladan duba ba zai daina dubawa, yaron da ke koyo a hannunsa kuma zai tashi bai san ana yi ba.

Motar da ake magana a kanta

A Faransa aka fito da 504 a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969. Sunanta ya ƙara fitowa a Afirka lokacin da ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki matakin rage ƙawa a hidimar gwamnati, Fijo ta zama motar jami'ai, daga kwamishina zuwa babban sakatare. Jihar Sakkwato da aka kafa a 1976 da wannan mota ta yi ƙuruciyarta. Wagon mai layin kujeru uku ita ta riƙe hanyar Gusau da Funtuwa da Zariya, da ta Argungu da Birnin Kebbi, shekaru masu yawa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

Ma'anar wannan ita ce, 504 mafi ƙuruciya da ke yawo a yau ta kai kimanin shekara 20, da yawa kuma sun haura 40. Waɗanda suka rage iri biyu ne: masu neman abinci a hanyoyin ƙauye, da waɗanda ke fake a ƙarƙashin rumfa a gidajen da 'ya'ya suka gaje su daga iyaye, suna tunanin ko su gyara ko su sayar wa masu gwangwan. Dukansu wannan magana ta shafa, haka ma masu tsohuwar 505 da Marsandi.

Akwai abu ɗaya game da ƙirarta da ya kamata a riƙe. Salun da wagon na 504 ba su da wani shasi na daban irin na babbar mota, wanda ake ɗora bodi a kansa. Bodin ne ƙashin bayan motar. Daɓen ƙasa, da dokin ƙofa na kowane gefe, da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da rufin sama, su ke raba nauyi a tsakaninsu. Idan ɗaya ya yi rauni, siffar ramin da ƙofa ke shiga ta canza, kuma ƙofa ce ke fara tona asirin.

Abin da ke riƙe da ƙofa

Abubuwa biyar ne ke haɗuwa kafin ƙofar mota, wadda a nan Sakkwato ake ce wa gambu, ta rufu da yatsa biyu. Na farko ramin da ke jikin bodi. Na biyu hinji guda biyu, wato ƙarafan da ƙofar ke lilo a kansu, kowanne da ƙusar da ta ratsa tsakiyarsa, wasu kuma da ɗan bushi da ke zagaye ƙusar. Na uku ita ƙofar kanta. Na huɗu makulli da ƙugiyar da ke jikin ginshiƙi, wadda makullin ke cafka. Na biyar robar da ta kewaye ramin.

Aikin hinji shi ne ɗaukar nauyin ƙofa da tsayar da ita a matsayinta. Aikin ƙugiya shi ne riƙe ta a rufe kawai. Daga rikita waɗannan ayyuka biyu yawancin matsala ke tasowa.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin da ya sa ƙaramin ciwo ke bayyana babba. A ɗauka tsawon ƙofar gaba mita 1 ne, tazarar da ke tsakanin hinjin sama da na ƙasa kuma santimita 30. Idan ƙusar hinjin sama ta cinye da milimita 1 kacal, ƙarshen ƙofar da ke wajen makulli zai sauka da sama da milimita 3. Idan hinjin ƙasa ma ya cinye haka, saukar ta ninka. Ratar da ake bari tsakanin ƙofa da bodi a motocin wancan zamani ba ta wuce 'yan milimitoci ba, saboda haka cinyewar da ido ba ya iya gani a hinji ta isa ta sa ƙofa ta riƙa gogar dokin ƙofa. Ƙofar kuwa, da gilashinta da injin ɗaga gilashin, tana iya kai kilo 20, kuma duk wannan nauyi a kan ƙusoshi biyu yake rataye duk lokacin da aka buɗe ta.

Rabon Sakkwato a cikin ciwon

A Turai gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ne ke cinye ƙasan tsofaffin motoci. Mu ba mu da wannan, shi ya sa bodin motar da ta zauna a Arewa yakan fi na takwararta ta bakin teku lafiya. Amma muna da namu. Ƙurar hunturu tana shiga hinji ta cakuɗe da tsohon giris, ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ƙusa a kowace buɗewa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gasa robar ƙofa har ta ƙandare ta tsattsage. Akwai kuma ƙananan huji a ƙasan kowace ƙofa da aka yi domin ruwan da ya bi ta gefen gilashi ya fita. Ƙura tana toshe su da rani, idan damina ta sauka ruwan ya kwanta a ciki ya zama taɓo, tsatsa ta fara cin ƙofar daga ciki alhali fentin waje yana ƙyalli.

Sai kuma yadda muke mu'amala da motar. Buhunan albasa da shinkafa a but da kan rufi, a hanyar da ramuka suka yi wa katutu, suna murɗa bodi sannu a hankali. Dattijo mai fitowa yana dafa saman ƙofa ya ɗora mata dukan nauyinsa. Yara suna lilo da ita. Iska ta fizge ta ta wuce iyakarta, ta tanƙwara hinji. Kowanne daga cikin waɗannan yana barin alama daban, kuma aikin mai bincike shi ne ya bambance su.

Yadda gwani ke dubawa

Binciken ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yana buƙatar daɓe mai daidaito, da haske, da haƙuri.

Gwani zai fara da ajiye motar a kan tayoyinta huɗu a wuri shimfiɗaɗɗe, ya rufe dukan ƙofofi, ya ja baya ya kalli ratar da ta kewaye kowacce. Idan ratar da ke bayan ƙofa ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko layin da aka zana a jikin ƙofar ya sauka ƙasa da na maƙwabciyarta, ƙofar ta sunkuya. Zai kwatanta hagu da dama, domin gefen da ke lafiya shi ne ma'aunin gefen da ke ciwo.

Daga nan zai buɗe ƙofar kamar taƙi ɗaya, ya kama ƙarshenta ya ɗaga, wani kuma yana kallon hinji. Idan ƙofar ta motsa ginshiƙi yana tsaye, ƙusa ko bushi ne suka cinye, gyaran kuma mai sauƙi ne. Idan ginshiƙin ne da kansa ke numfashi tare da ƙofar, ƙarfen da hinji ke zaune a kansa ya tsage ko ya ruɓe, wannan kuwa magana ce ta daban.

Zai dubi ƙugiya. Ƙugiyar da samanta ya goge yana sheƙi tana nuna cewa ƙofar tana hawa kanta ne kafin ta rufu. Domin ya tabbatar, zai zagaye mazauninta da alli, ya kwance ta gaba ɗaya, ya tura ƙofar a hankali. Inda ta tsaya ba tare da ƙugiya ba, nan ne ainihin inda hinji ya ajiye ta.

Zai gwada roba da takardar kuɗi: ya sa ta a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. Inda ta zare ba turjiya, nan ƙura da ruwa da ƙarar iska ke shiga. Inda ta ƙi fita sam, nan ƙofar ta matse fiye da kima.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Zai auna ramin ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya kwatanta da ɗaya gefen. Sannan ya ɗaga motar da jak ta kusurwa ɗaya ya sake gwada ƙofofin. Ɗan canji kaɗan ba abin mamaki ba ne a tsohuwar mota, amma idan ƙofar da ke rufuwa ɗazu ta cije ta ƙi buɗewa, bodin ya rasa ƙarfinsa. A nan ne akan gano tsohon haɗarin da aka lulluɓe da foti, ko dokin ƙofar da tsatsa ta rarake. Ɗan maganaɗisu ma yana taimakawa, domin ba ya kama inda foti ya yi kauri.

Jerin gyara

Idan an gano ciwon, gyaran yana da jeri, kuma jerin ba ya karɓar tsallake. Bodi ne farko: duk tsagewa ko ruɓewar da ke ginshiƙi da dokin ƙofa sai an yanke an sa lafiyayyen ƙarfe, motar tana zaune daidai yayin da ake waldar. Sai hinji: a canza ƙusa da bushi, idan ramin ya faɗaɗa a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi masa wadda ta dace da shi. Sau da yawa wannan kaɗai yana mayar da ƙofa mazauninta ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

Idan har da saura, sai a daidaita ƙofar a kan hinji. A wasu motocin da noti aka ɗaure hinji, ana iya sassauta shi a gusa ƙofar sama ko ƙasa, ciki ko waje, ko a cusa siririn ƙarfe a bayansa. A wasu kuma walda aka yi masa, sai an yi aikin da lura sosai. A kowane hali ana yi wa tsohon mazauni alama kafin a sassauta, ana tallafe ƙofar da jak da katako mai laushi, ana gusawa kaɗan kaɗan ana gwadawa. A mota mai ƙofa huɗu da ta baya ake farawa, domin ɓangaren bayan bodi ba ya motsi, shi ne abin dogaro. Sai a daidaita ta gaba da ta baya, sannan fendar gaba ta bi ƙofa. Idan an cire gilashi da kayan ciki domin fenti, a tuna cewa ƙofar za ta ɗan sauka idan nauyinsu ya dawo.

Ƙugiya ce ƙarshe. Ana mayar da ita ne ta tarbi ƙofar a inda hinji ya ajiye ta, yadda makulli zai shige ta ba hawa ba sauka. Idan an sa sabuwar roba, za ta tura ƙofar waje na wasu kwanaki kafin ta kwanta, kuma bai kamata a matse ƙugiya ciki don a rufe wannan ba.

Gajeruwar hanya da abin da take ci

Abin da aka fi yi a aikace ya saɓa wa wannan jeri. Wani zai ɗaga ƙugiya sama domin ta ja ƙofar ta daidaita da layi idan an rufe. Ido zai ga komai ya yi kyau, amma yanzu makulli ne ke ɗauke da nauyin da ya kamata hinji ya ɗauka, kuma ba a ƙera shi don haka ba. Wani zai sa jak a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar ƙofa ya ɗaga har ƙarfe ya ba da kai. Wannan dabara tana da muhallinta a hannun wanda ya riga ya tabbatar cewa hinji ne ya tanƙware, amma idan ƙusa ce ta cinye, an bar jaki ana dukan taiki: an lanƙwasa lafiyayyen ginshiƙi, ciwon yana nan, bayan 'yan watanni ƙofar ta koma gidan jiya, ginshiƙin kuma ya fara tsagewa. Wani zai goge gefen ƙofar da injin gurza ya cike da foti. Idan duk an gaji, sai a yi wa ƙofar waldar sakata irin ta ɗaki, ko a ɗaure ta da igiya.

A nan maganar ta wuce ado. Makullin ƙofar mota mataki biyu gare shi: idan aka tura ƙofa a hankali za a ji ya kama sau ɗaya, sannan ya sake kamawa. An yi haka ne domin idan kamun ƙarshe ya kuɓuce na farko ya tare. Binciken haɗurran mota da aka yi a jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950 ya nuna cewa wanda ƙofa ta buɗe ya faɗo waje ya fi wanda ya zauna a ciki shiga haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba, kuma tun 1968 Amurka ta kafa ƙa'ida ta musamman a kan ƙarfin makulli da hinji. Ƙofar da ta sunkuya takan tsaya a kamun farko direba yana zaton ta rufu, sai rami ko kwana ta buɗe ta. Ƙofar da aka garƙame da sakata daga ciki kuwa, masu ceto ba za su iya buɗe ta daga waje ba idan mota ta kife ko ta kama wuta. Wanda ke zaune a gefen irin wannan ƙofa galibi fasinja ne da bai san komai game da tarihinta ba.

Hujjar direba

Direban haya yana da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Kwana ɗaya a gareji kwana ɗaya ne ba cefane. Motar ba ta kai darajar da za a narka mata kuɗi ba. Kayan gyaran 504 na asali sun yi wuya, na kasuwa kuma wasu ba su da inganci. Mai gyaran bodi ma yana da tasa: idan ya ce sai ya bincika, mai mota zai wuce rumfar gaba inda za a buga masa ita cikin minti goma.

Na yarda da duk wannan, amma lissafin bai cika ba. Binciken da aka bayyana a sama ba ya cin yini, rabin sa'a ya ishe shi. Mafi yawan abin da yake ganowa, wato cinyayyar ƙusa, yana cikin gyare-gyare mafi araha a jikin mota, kuma a garin da ke da Maƙera Asada da masu injin sassaƙa ƙarfe, ƙusa da bushi ba abin da za a jira daga Faransa ba ne. Wanda ya biya kuɗin lanƙwasa ƙofa sau uku, sannan ya sayi makulli, sannan ya yi waldar ginshiƙi, ya kashe ninkin abin da ya guje wa. Idan kuma binciken ya nuna cewa bodin ya gama aiki, wannan ma labari ne da ya cancanci kuɗinsa, domin ya hana mutum zuba dukiya a motar da bai kamata ta sake ɗaukar rai ba.

Abin da ke hannunmu

Masu karanta wannan shafi da yawa likitoci ne da lauyoyi da injiniyoyi da malamai, mutanen da ke cin abinci da hukuncin da suka yanke bayan nazari. Babu wanda ke mamakin biyan kuɗin ganin likita ko da bai rubuta magani ba. Amma mutum ɗaya zai tsaya a gaban wanda ya shekara 30 yana karanta jikin mota, ya ce masa, "Ai ba ka yi komai ba, dubawa kawai ka yi." Gyaran wannan ɗabi'a daga wajenmu zai fara. Ka ware ladan bincike tun kafin a fara aiki. Ka ce, "Maigida, nuna mini inda take motsi," ka sa hannunka ka ji. Ka tambayi abin da za a fara gyarawa da dalilinsa. Wanda ya nufi ƙugiya da sifana kafin ya ɗaga ƙofar ya gwada hinji, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Ƙungiyar makanikai ta NATA tana iya sanya kuɗin bincike a matsayin abu mai zaman kansa da mambobinta suka amince da shi, yadda mai dubawa ba zai yi asarar ciniki ga mai gaggawa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a na jiha suna iya gayyato tsofaffin masu gyaran bodi su koyar, tun suna da rai, domin abin da suka sani game da waɗannan motoci a hannuwansu yake, ba a rubuta shi ba. Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, waɗanda ke duba taya da fitila, ba zai ɗauke su minti ɗaya ba su tura ƙofar motar haya su saurari kamu biyu.

Ga wanda ya gaji 504 yana tunanin farfaɗo da ita, kada ya fara da zaɓen launin fenti. Ya sa a wanke hinji a sa sabon giris, a buɗe hujin ruwan da ke ƙasan ƙofofi kafin damina, sannan a ajiye motar a daɓe mai daidaito a gwada ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka nuna shi zai faɗa masa ko motar ta cancanci sauran kuɗin da yake shirin kashewa.